Izinin da Na Nemo a Dakusa

Mun tashi da asuba daga unguwar Zango ta Damagaram a bayan motar masu sayen gyaɗa, ni da wani abokin aikina na lakwal, wato makarantar boko. Abin da ya fitar da ni shi ne izinin mahaifina. Jami'a a Dakar tana neman wanda ya ji Hausa da Faransanci, ya taimaka wajen binciken tarihin Damagaram. Yanzu da Nasara ke shirin tafiya, irin wannan ƙofa ta fara buɗe wa ɗan ƙasa. Tun ranar da na ji, raina bai zauna ba. Amma ba na ƙetare Baba.

Hanya duk gargada, direba kuma kamar ya ranto motar. Abokina ya ce da furar safe muka sha, da ta dame kanta a ciki. Inda muka tsaya shan ruwa, mata sun tsawwala wa ƙuli-ƙuli kuɗi, wai komai ya tashi saboda 'yancin kai. 'Yancin bai iso ba, tsadarsa ta riga shi. Daga bakin babbar hanya muka ƙarasa ƙauyenmu Dakusa a ƙafa, cikin gonakin da aka gama girbi, ƙamshin karan gero yana tuna mini ƙuruciya.

Baba na zaune gindin rumbu. Bayan gaisuwa da tuwon gero miyar kuka, na faɗa masa.

"Cin rani ne?" ya tambaya. "Ka dawo kafin shuka?"

"A'a Baba, aiki ne na shekaru. Ƙasar tana bakin teku."

"Ta fi Makka nisa?"

Na ce ban sani ba. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Na kwana ina tsara hujjojin da zan kawo in ya hana.

Ban buƙaci ko ɗaya ba. Da hantsi ya tara gida kaf, har da gwaggona da ba ta fita. A wurinmu mai cin rani ba a yi masa taro, "sai ka dawo" kawai ake cewa. Taro na mai tafiya Makka a ƙafa ne, wanda ba a san ko za a sake ganinsa ba. Baba ya ba ƙanena gayaunata, 'yar gonar da ya yankar mini tun ina yaro. Sannan ya juyo gare ni.

"Je ka, Allah ya yi albarka. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, ko da ba mu gana ba."

Na so in ce akwai hutu, akwai jirgi. Na dubi tsufansa, na fasa. Na ce na yafe, hawaye na zuba.

A hanyar dawowa abokina ya yi ta ba'a da direba, ni kuwa hankalina na wurin Baba. Mun shigo Damagaram da la'asar, na tsaya ina kallon duwatsun Birni kamar baƙo.

Tafiyar nan ta koya mini cewa hani ya fi wani izinin sauƙin ɗauka. Har yanzu ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba, kuma zan tafi. Sai dai ban ko ɗaure kaya ba, kewar Baba ta riga ta kama ni.