Suna na Biyar a Katin Ɗalha

Duk mai gonar tattasai daga Gagamari har bakin Komadugu, in dai injin ban-ruwansa ya taɓa yi masa gardama a shekarun nan, to ya san Ɗalha makanike. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya taɓa inji sai ya fara tsugunawa ya saurari kukansa. Mahaifinsa ɗan Damagaram ne da fatauci ya kawo Diffa, mahaifiyarsa Babarbariya, shi ya sa in zance ya yi daɗi sai ya soma da Hausa ya ƙare da Barbarci bai sani ba.

A shekarar 1997 wata ƙungiya mai taimakon manoman rani ta ɗauke shi aiki. Mutumin da ya saba karɓar ladan gyara da kwanon tattasai ko busasshen kifi, sai ga shi da albashi da babur ɗin biro, wato ofishin ƙungiyar. Matarsa Fatime ta ce tun da suka yi aure ba ta taɓa sanin ranar da za a sayi buhun gero ba sai wannan shekara.

Shekara ta zagayo, aka tara ma'aikata ashirin da uku a gindin itacen bedin da ke tsakar biro. Madam Faridatou, mai kula da albashi, 'yar Dosso ce, Hausarta a hankali take tafiya. Ta ce an yi musu asiransi ta lafiya.

"Kowane wata za a zuba kuɗi wuri ɗaya domin ku duka," in ji ta. "Biro zai zuba kashi uku, na huɗun a albashinku za a cire. Wanda ya kwanta ciwo, shi ko matarsa ko 'ya'yansa, sai ya nuna kati. Asiransi ta biya tamanin cikin ɗari, shi ya cika ashirin."

Ɗalha ya ɗaga hannu. "In shekara ta ƙare ban yi ko mura ba fa, Madam? Za a maido mini nawa?"

"A'a, Malam Ɗalha. Ya tafi wurin wanda ya yi ciwo."

"To, ai wannan adashi ne da ba wanda ke fatan kwasa."

Aka yi dariya, har da Madam. Amma shi da gaske yake, don ya yi wata biyar yana gunaguni duk ranar albashi. Damina ce ta rufe masa baki. Zazzaɓin sauro ya kwantar da 'ya'yansa biyu mako guda, ya je famasi da takardar magani yana gumi, sai aka ce ya kawo abin da bai kai kuɗin man babur na kwana biyu ba. Ya sake tambaya ko sun yi kuskure. Daga ranar ya sayo wa katin jakar leda.

Sunaye huɗu ne a katin bayan nasa: Fatime da 'ya'ya uku. Amma yara huɗu ke cin tuwo a gidan. Ta huɗun Kulsum ce, 'yar wansa Lurwanu, masuncin da ya rasu a tafkin Chadi tana shekara uku. Ɗalha ya ɗauko ta ranar sadakar bakwai, kuma har ta girma wasu maƙwabta ba su san ba Fatime ta haife ta ba. Lokacin da aka karɓi takardun haihuwa, an maido tata saboda sunan Lurwanu ne a kai. Ɗalha ya ce zai gyara, yau da gobe ta sa ya manta, don yarinyar ko ciwon kai ba ta yi.

A 2001, Kulsum tana shekara goma sha ɗaya, malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya aiko a kira mahaifinta. Ya ce yarinyar tana da kai, amma ba ta ganin allo. Ya maido ta bencin gaba, duk da haka sai ta kwafa daga littafin ta kusa da ita. A makon ne kuma aka ji wani likitan ido ya zo daga Damagaram zai yi kwana shida.

Halilu direba, abokin aikin Ɗalha, shi ya kawo shawara. "Sakinatu 'yarka ai sa'arta ce. Hoton katin ya dushe, wa zai gane? Ka kai ta da sunan Sakinatu, a wuce wurin."

Da safe Ɗalha ya sa katin a aljihu, ya goya Kulsum a babur. Sun kusa ƙofar asibiti ya rage gudu ya ce, "In an tambayi sunanki, ki ce Sakinatu."

"To, Baba." Can sai ta matso kusa da kunnensa. "In an ce wane ne babana fa?"

"Sai ki ce Ɗalha."

"Wannan kam mai sauƙi ne," in ji ta, "ai ba ƙarya ba ce."

Ya taka birki a gaban mai sayar da ƙosai. Ya jima zaune a kan babur, injin na kuka, bai sauka ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, shi da ya ɗauko marainiya ya ce zai riƙe ta amana, yau shi ne zai koya mata ta musanta sunan da ubanta ya raɗa mata. Ya saya mata ƙosai, ya juya kan babur zuwa biro.

Ya faɗa wa Madam Faridatou komai, bai rage ba, sai dai bai ambaci Halilu ba. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Da an kama, da katinka ya tafi, kuma baɗi a ƙara mana kuɗi mu duka. Amma akwai hanya, Malam Ɗalha. Ka je gidan shari'a a yi maka takardar riƙo, da shaidu biyu. Tana zuwa, ni zan aika Yamai da kaina."

Hanyar ba gajera ba ce. Likitan ido ya gama kwanakinsa ya tafi. Ɗalha ya je har N'Guigmi ya ɗauko Grema, tsohon masuncin da ya wanke gawar Lurwanu, ya haɗa shi da mai unguwa. Sau uku suna zuwa ana ce musu su dawo. Grema ya yi kwana goma sha biyu a zauren Ɗalha, yana cin tuwon Fatime yana ba yara labarin mahaifin Kulsum, labaran da ko Ɗalha bai sani ba. Bayan wata uku sabon kati ya iso da suna na biyar: Kulsum Lurwanu.

Sai da suka bi likitan har Damagaram. A nan Ɗalha ya koyi sauran karatun: asiransi ba ta biyan kuɗin mota, kuma tabarau yana da iyaka, in ka zaɓi mai tsada kai za ka cika. Kulsum ta nuna mafi araha, idonta na kan wani mai jan baki. Ya sayi mai jan bakin. A hanyar dawowa ba allon bakin hanya ko ɗaya da ba ta karanta da ƙarfi ba, tun daga Gure har Maine-Soroa, har fasinjoji suka riƙa taya ta.

Ƙungiyar ta rufe aikinta a 2008. Wata biyu kafin nan Madam ta gargaɗe su cewa kati yana mutuwa ne tare da aiki. Ɗalha ya kwashi gidan duka zuwa asibiti aka duba kowa, shi kuma aka cire masa haƙorin da ya shekara huɗu yana lallaɓawa da kanumfari. Da kuɗin sallama ya kama rumfa kusa da kasuwa, ya ɗauki ma'aikata biyu, manoma suka ci gaba da kawo injuna a amalanke. Kulsum ta samu makarantar koyon aikin jinya a Damagaram. In ta zo hutu takan biyo rumfar da abin awon jini, ta sa shi ya wanke hannu ya zauna a kan tsohuwar taya, ta hana shi magana har ta gama.