Daga Gure Zuwa Inda Bukar Yake Kwance

Gure zuwa Damagaram

Na bar gida bayan sallar asuba, ranar Lahadi, da ƴar jaka ɗaya da buta. Falmata, uwar ƴaƴana, ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka bugo mana waya bara cewa ɗanmu Bukar ya rasu. Karatun duwatsu yake yi a jami'a, irin na masu neman man fetur. Sun fita koyon aiki a tsaunukan Adar, maciji ya sare shi, aka binne shi can a ranar, don zafi da nisa ba su bari a kawo shi ba. Ba mu ga gawarsa ba, ba mu ga kabarinsa ba. Bana malaminsu, Mushe Adamu, ya aiko cewa za su koma wurin da sababbin ɗalibai, akwai kujera guda a mota in ina so.

A bakin zauren Falmata ta ce, "Malam, ba na son tsaraba. Ka dafa ƙasar da yake kwance da hannunka na dama, ka dawo ka ba ni hannun in riƙe." Na ce to. Shekara guda ke nan ba ta roƙe ni komai ba sai wannan.

Motar ta cika wajen ƙarfe bakwai, na biya jika uku. A Gidigir muka tsaya aka ɗora buhunan gero da awaki biyu a sama. Jandarma sun duba katin dantite, wato katin shaida, a shingen Mirriya, ba su riƙe mu ba. Muka shiga Damagaram kafin azahar. Na kwana a gidan wani abokin sana'ata, tela ne kamar ni, ya ba ni tuwo da miyar kuka, bai tambaye ni komai ba. Na gode masa da wannan fiye da tuwon.

Damagaram zuwa Madawa

Da hantsi na sami motar jami'a. Ɗalibai ne maza da mata, kowa da hular rana da guduma mai tsini a ɗaure a ƙugu. Mushe Adamu ya sauko ya gaishe ni hannu biyu. Mutum ne siriri mai furfura kaɗan, ba ya ɗaga murya. Ya gabatar min da Isufu, abokin Bukar, wanda ya gama karatu yanzu yana taya shi koyarwa. Isufu ne ya riƙe kan Bukar har ya cika, yana kuma cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai iya duban fuskata ba.

Aka ba ni gaba. Direban Bafillace ne, sunansa Jaɓɓi. Yana jin harshena ya gane ni Manga ne, jinsin Barebari, sai ya soma wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce wa ya sa bawansa a kujerar gaba, Babarbare ai bayan mota ne wurinsa tare da tayar safaya. Na ce masa in ya kai mu lafiya zan saya masa nono ya daina kuka. Ya ce, "Tsoho, kai ma fetur za ka nema? Ku da ko rijiyar ruwa sai mun nuna muku?" Ɗalibai suka yi ta dariya. Ni ma na murmusa, na daɗe ban ji an yi min magana kamar ba mai makoki ba.

A Tasawa muka sha fura. Na ga Isufu ya ja Jaɓɓi gefe ya faɗa masa wani abu. Daga nan har Maradi direban bai ƙara cewa uffan ba, sai goro da ya ɓare ya miƙo min. Na so ya ci gaba da tsokanar, amma ban san yadda zan roƙe shi ba.

Mun ci shinkafa da wake a Maradi, muka wuce. Rana na faɗuwa muka shiga Madawa, muka kwana a harabar wata lakwal, wato makarantar boko, kan tabarmi. Kafin isha Isufu ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce kada in damu, kabarin ba zai ɓace ba. Ya ce shi da kansa ya sa farin dutse mai faɗi a wajen kai, ya rubuta sunan Bukar da jan fentin da suke sa wa duwatsu alama. Ya kuma nuna min wata ƴar na'ura kamar salula, mai nuna wa mutum inda yake tsaye a bayan ƙasa, ya ce ya adana wurin a cikinta. Na yi barci a daren fiye da yadda na saba.

Farin Tsauni

Daga Madawa muka bar kwalta muka yi arewa a kan jar hanya mai gargada. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Mu rairayi muka sani, su kuwa dutse ne ko'ina, har gonakinsu jere suke da layukan duwatsu don tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Wajen ƙarfe goma muka iso ƙauyen Farin Tsauni. Maigari ya yi mana maraba, amma ya ce liman ya tafi suna wani ƙauye, kuma ba a kai baƙo makabarta ba da shi ba. Sai la'asar.

Mushe Adamu ya ce ko in huta a zauren maigari. Na ce a'a, ina son ganin aikin da ɗana yake yi. Muka hau tsaunin a ƙafa.

Dutsen fari ne, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Malamin ya fasa wani ya nuna min bawon katantanwa a ciki, ya ce nan duk ƙarƙashin teku ne a zamanin da babu ɗan Adam. Ya ce wa ɗaliban, ni ma ina ji, fetur ba tafki yake yi a ƙarƙashin ƙasa ba. A cikin irin wannan dutse, tsagogin nan ne hanyarsa, nan yake zama, nan yake bi. Wanda ya haƙa rijiya ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kuskure ta da kamu kaɗan ya tashi a banza. Nan babu fetur, amma dutsen yana fili, shi ya sa suke zuwa su koya da ido abin da a wani wuri yake binne da nisa.

Suka shimfiɗa doguwar igiyar awo a jikin dutsen. Duk tsagar da igiyar ta ratsa sai su tsaya, su duba inda ta fuskanta, su auna faɗinta, su ga ko a buɗe take ko wani farin abu ya toshe ta, sannan su ɗiga mata jan fenti. Na tuna Bukar yana ƙarami yana riƙe min bakin mita a shago. Na lura kuma kowane ɗalibi da sanda a hannu, ba mai kusantar tsaga sai ya zura sandar ya bubbuga. Na tambayi wata yarinya ko haka ake yi dama. Ta ce, "A'a Baba, bana aka fara." Sai ta rufe bakinta da hannu.

Isufu ya kai ni wurin. Tsaga ce da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, a gindin wani dutse mai inuwa. Ya ce Bukar ya zura hannu ne ya ji ko cikinta a toshe yake, kububuwa tana kwance ciki. Ɗigon fentinsa yana nan a gefenta, ya ɗan koɗe. Can gaba malamin ya tsiyaya ruwan gora a wata tsaga don ɗalibai su gani, ruwan ya shige bai bar ko danshi ba. Na tambaye shi ina ya tafi. Ya ce, "Malam Mustafa, da mun sani da tabbas, da ba mu zo ba. Kintace muke, mu yi ta rage kuskure."

Makabarta

Bayan la'asar liman ya dawo, tsoho ne mai sanyin magana. Ya yi min ta'aziyya, ya ce shi ya sallaci Bukar. Muka tafi mu huɗu, ni da shi da Mushe Adamu da Isufu. Makabartar tana gabas da gari, gindin wata tsamiya. Isufu yana gaba da na'urarsa. Ya tsaya, ya duba ƙasa, ya matsa, ya dawo.

Babu farin dutse mai rubutu. Kaburbura huɗu ne a jere, damina ta bi ta kansu ta daidaita su, kowanne an lulluɓe shi da ƙananan duwatsu da ƙaya iri ɗaya.

Isufu ya tambayi liman ina dutsen. Liman ya ce bayan tafiyarsu dattawan gari suka ɗauke shi, don a nan ba a rubutu a kan kabari, ko na maigari ne. Ya ce ba raini ba ne, sun ɗauki yaron kamar nasu, shi ya sa suka yi masa yadda suke yi wa nasu. Mu ma a Gure haka muke yi. Da a makabartarmu na ga baƙi sun bar jan rubutu, da hannuna zan ɗauke shi.

Mushe Adamu ya ce a duba na'urar. Isufu ya ce ta kawo mu, amma iyakarta ke nan, ba ta rarrabe abin da bai wuce faɗin ɗaki ba. Don gane wurin dutse a aikinsu ta isa. Kaburburan huɗu duk suna cikin faɗin ɗakin. Liman ya tambaye shi ko bai ƙirga daga tsamiya ba, don su haka suke gane nasu. Isufu ya ce bai ƙirga ba, ya dogara da fentin.

Liman ya ce a waccan bazarar manya huɗu aka binne kusa da kusa, a ganinsa baƙon shi ne na biyu. Aka kira wani da ya yi haƙa, ya ce na uku ne, don ya tuna dutse ya tare su sun sha wuya. Liman ya ce ai a nan kowane kabari dutse yake tare shi. Aka ce wanda ya shugabanci haƙar ya tafi ci rani Aljeriya, ba a jin ɗuriyarsa. Dangin sauran mamatan ma da aka tambaya, ɗaya ya nuna na farko, ɗaya ya ce shi ma na farkon ne nasa. Na ce ɗana dogo ne. Muka duba tsawo, ruwa ya cinye gefunan duka.

Isufu ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ni na ɗaga shi. Na ce masa shi ne ya riƙe kan ɗana lokacin da ba na nan, ba ni da abin da zan bi shi.

Liman ya ce addu'a ba ta ɓata hanya, Allah ya san nasa. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ba addu'a aka aiko ni ba, hannu aka aiko. Na durƙusa na dafa na farko, na yi abin da ya sawwaƙa, na matsa na biyu, har na huɗu. A kan kowanne na jira ko zuciyata za ta gaya min wani abu. Ƙasa ce mai zafi, duk ɗaya.

A hanyar komawa wani mutum ya nuna mana dutsen. Yana cikin layin duwatsun gonarsa, sunan Bukar a kwance a gefe, rabi cikin ƙasa. Ya ce in ina so in ɗauka. Na duba, in na cire shi ruwa zai sami ƙofa ya yi wa gonar ɓarna. Na ce ya bar shi.

Komawa

Ɗaliban suna da sauran mako guda. Washegari Jaɓɓi ya kai ni Madawa, ya sa ni a babbar mota, ya hana ni biya. Da zai tafi ya ce, "Bawana, ka gaida gida." Na kwana Damagaram, na kama motar Gure da safe. Tun daga Gidimuni nake shirya abin da zan faɗa. Na yi tunanin in ce na biyu ne, tunda liman ya faɗa, ba wanda zai ƙaryata ni. Har muka wuce Gidigir ina kan haka.

Na shiga gida bayan la'asar. Falmata tana zaune a ƙofar ɗaki, ba ta tashi ba. Na zauna, na miƙa mata hannun. Ta riƙe shi da nata biyu, ta ce, "Ka same shi?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko na duba tsawo, na ce na duba. Ta tambaya ko akwai inuwa, na ce tsamiya tana kaiwa kan biyu da yamma, biyun kuwa suna rana. Sai ta ce, "To ban san ko yana inuwa ba ke nan."

Ba ta saki hannun ba har aka kira magariba. Da na ce zan yi alwala, ta ce in ɗan jira.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Mushe Adamu da Isufu da Jaɓɓi, da limamin Farin Tsauni da mutanensa da suka yi wa ɗana sutura ba su san ubansa ba. Wanda ya karanta wannan, in ya yi wa Bukar addu'a, ya haɗa da mutum uku da ke kwance tare da shi. Ban san sunayensu ba, kuma ban san wanne ne shi ba.