Shekarar da Kwalejin Autana Ta Hau Rukunin Sama

Ni dai tun ranar farko ban yarda da kocin nan ba. Mutumin Zangon Kumasi ne, ga fara'a kamar mai tallar turare, duk inda ya hango ni sai "Hajiya, sannu da zuwa," har da rusunawa. Yawan gaisuwar ma ita ta fara sa ni zarginsa.

Autana ne yake buga masa ƙwallo a kwalejinsu. Yaron nan da muka taso daga Zariya zuwa Doha rufe kansa ya yi a ɗaki, ba aboki, ba hira. In dawo daga asibiti in tarar da kular abincin da na ajiye masa ko buɗe ta bai yi ba. Ƙwallo ce ta fito min da shi. Shi ya sa duk ranar wasa nake neman canjin duty, in tuƙo daga Al Wakrah, in zauna cikin iyaye ina ihu kamar ba likita ba.

Gasar kwalejojin rukuni biyu ce. Na sama na makarantun da ke ɗauko 'yan wasa daga waje su ba su karatu kyauta. Na ƙasa na irin 'ya'yanmu ne, waɗanda karatu ya kawo, ƙwallo ta biyo baya. Wanda ya zo na ɗaya a ƙasa shi ake hawarwa sama. Mu muna ƙasa, kuma a shekarar sai ci muke yi.

Sai na lura da wani abu. Da zarar mun zura ɗaya, sai koci ya ɗaga hannu ya fitar da ɗana, alhali shi ne mai ci. Da farko na ce gajiya yake jiye masa. Da aka rama mana har sau biyu bayan fitarsa, na ce a'a, akwai wata a ƙasa. Maigida ya ce in bar mutum ya yi aikinsa. Na ce shi ya bari, ni kam ba zan bari ba. Har bincike na yi ko 'yan garinsu yake sakawa, ashe ɗaya ɗan Sudan ne, ɗaya ɗan Masar. Abin ya ƙara ɗaure min kai, ya kuma ƙara ba ni haushi.

Ranar wasan ƙarshe a Lusail na tare shi a bakin fili.

"Malam, yau in ka cire min yaro, ni da kai ne."

Fara'ar ta ɗauke. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, in mun hau sama makaranta za ta kawo nata 'yan wasa. Yaran nan ko benci ba za su gani ba."

"Yaran kake ji ko kujerarka? Ai kai ma wani kocin za su kawo."

"Wannan ma gaskiya ne," in ji shi. "Khalas, shi ke nan, yau zai buga har a tashi."

Autana ya buga, ya ci, muka hau. Na yi guɗa har muryata ta dishe, abokansa suka saɓa shi a kafaɗa. Kocin yana gefe yana tafi a hankali.

Da aka koma hutu sai ga wasu zaratan samari an sauke a filin jirgi, kowanne ya ba ɗana tsawon kai guda. Aka yi gwaji, cikin tsofaffin yaran mai tsaron gida kaɗai aka ɗauka. Kocin ma an sallame shi. Har yau ban san wa yake karewa ba, yaran ko kansa, kuma wallahi har yau ban gama yarda da shi ba.

Takalman ƙwallon suna nan a bakin ƙofa inda autana ya cire su ranar gwajin. Jiya na dawo daga aiki na ɗaga murfin kula. Ko taɓa ta bai yi ba.