Dattijo da Ƙoƙon Mate

Yau ma babu tudu, ruwa ne ko ta ina. Fasinjojin jirgin sun taru a bakin wurin ninkaya suna koyon rawa. Shi kuwa dattijon yana can baya, iska na kaɗa furfurarsa, filas a hammata, ƙoƙon mate a hannu, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da bututu. Hannun nan ya sha igiya ya sha rana. Ina jin makiyayi ne, 'ya'yansa suka turo shi ya huta.

Ya shanye zubin farko mai ɗaci, yadda muke yi a gida, ya sake cikawa ya miƙa wa wata Baturiya. Ta kalli bututun da ya fito daga bakinsa, ta yi murmushi ta matsa. Ya miƙa wa ma'aikacin jirgi.

"Yi haƙuri Baba, an hana mu."

Hannunsa na nan a miƙe, shayin yana hucewa. Na taso na karɓa.

"Daga ina, 'yata?"

"Montevideo, Baba."

"To zauna mana," in ji shi. "Tunda muka baro gida ni kaɗai nake sha, sai ka ce ba ni da kowa."