Sallama a Gaban Kwamfuta

Ban taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu ya shigo ɗakin kwamfutarmu ba. Lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar sakandare ta wajen Kurfi. An ba mu kwamfutoci masu ɗauke da kundin ilimi, irin wanda za ka rubuta kalma ɗaya ya zubo maka bayani ko babu intanet. Sharaɗin guda ne: in yara ba su iya amfani da su ba, a kwashe a kai Dutsin-Ma.

Shugaban makarantarmu, Malam Lawal, ya yi dogon nazari ya gano cewa ladabi ne zai cece mu. Kullum da safe sai ya tara yara ya ce, "Duk wanda ya yi tambaya gaban baƙo ba sallama, ni da shi ne."

Ranar, baƙon ya nuna Hauwa'u, 'yar ƙauyen Barkiya, ya ce ta nemo masa bayanin gero. Na ji sanyi a raina, don yarinyar nan ta fi ni saurin bincike. Ta zauna, ta saci kallon Malam Lawal, ta rubuta: "Assalamu alaikum, don Allah ina neman bayanin gero in babu damuwa."

Kundin, da yake ba shi da tarbiyya, ya ce bai samu komai ba. Ta ɗauka gaisuwar ce ta yi kaɗan, sai ta ƙara da "ina kwana". Nan ma shiru. Na matsa zan raɗa mata ta rubuta "gero" kawai, Malam Lawal ya harare ni na koma.

Baƙon ya ce, "Malam, ashe yaran ko farawa ba su yi ba."

Bayan hutu mota ta zo ta kwashe kwamfutocin. An ce suna wani ofis a Dutsin-Ma an lulluɓe su da zane, ba mai damunsu da tambaya.

Ranar da ake lodi Hauwa'u ta same ni a bakin ƙofa. "Malam, me na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Babu, abin da aka ce ki yi kika yi." Raina ya ɓaci ƙwarai.

A aikin nan na koyi cewa yaro yana riƙe abin da aka tsorata shi da shi fiye da abin da aka koya masa. Malam Lawal kuwa, a rahoton ziyarar an yaba masa kan tarbiyyar ɗalibai.