Darasin da mutum uku suka kalla

Shekara ashirin da shida malamin lissafi ya yi a makarantar sakandaren da na fara aiki bayan na gama jami'a. Ɗalibai suna ce masa Baba Kun-gane, don ba ya rubuta layi biyu a allo bai juyo ya tambaye su ba. Kullum aljihunsa cike da guntayen alli, kuma a keke yake zuwa. Matarsa ta rasu, shi ke riƙe da jikoki biyu.

Ni an ɗauke ni ne in kula da dandalin karatu na intanet. Kowane malami zai yi darasinsa a bidiyo, in ɗora, ɗalibai su kalla a waya. Mai makarantar ya faɗa a taron malamai cewa zai rage ma'aikata a ƙarshen zango, kuma wanda ba a kallon darasinsa shi zai fara tafiya.

Ranar da na fara ɗaukar Baba, ya tsaya gaban kyamara kamar an kai shi kotu. Ya ce, "'Yata, wannan abin ido ɗaya gare shi, ko ƙiftawa ba ya yi. Yaya zan san ya gane?" Na yi dariya. Da ya saba kuwa, sai ya riƙa zuwa ɗakin kwamfuta tun kafin a buga ƙararrawa, ya goge allo da kansa, ya yi ta bayani a hankali.

Ƙarshen zango na fitar da alƙaluma. Darussan wasu malamai an kalle su sau ɗari biyu, ɗari uku. Na Baba mutum uku. Sabuwa ce ni, ina tsoron a ce na ɓoye wani abu. Ban tambayi kowa ba, na buga takardar na miƙa. Ranar Juma'a aka sallame shi. Ya bi ofis-ofis yana neman gafara, har ni ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni.

Bayan sati biyu wata 'yar ajin ƙarshe ta tare ni a baranda, idonta ja. Ta ce, "Anti, da gaske ke kika rubuta ba ma kallon Baba?"

Ita ta fahimtar da ni. A wurinsu dandalin nan wajen cika sharaɗi ne kawai. Sukan kunna bidiyon malami su kife wayar a cikin jaka har alamar kammalawa ta fito. Na Baba ne suke so su maimaita sau biyar, sau goma, data kuma ba ta isa. Sai mutum uku suka sauke, suka tura wa sauran daga waya zuwa waya. Ta nuna mini tata, darussansa duk suna ciki.

Na tafi wurin mai makarantar, na zayyana masa komai, na ce kuskuren nawa ne, a dawo da shi. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya biro. Sannan ya tambaya ko darussan sun ƙunshi manhajar gaba ɗaya. Na ce sun ƙunsa, ina zaton wannan zai taimaki Baba.

Ya ce, "To ai shi ke nan, muna da shi. Ki rufe hanyar saukewa, kowa ya kalla a dandali."

Na koma ɗakin kwamfuta na zauna. Ina da ƙanne a gida, kuma aikin bai kai wata huɗu a hannuna ba. Na rufe hanyar saukewar.

Har yau ban je gidansa ba. Na san layin, sau biyu ina kaiwa bakinsa ina juyowa.