Zanen Baba Habila a Jikin Kwalbati

Baba Habila mai faci ya shekara ashirin da shida a rumfarsa ta bakin wani kwalbati a Fadaman Mada. Duk damina in ruwa ya janye, sai ya karce siminti da ƙusa daidai inda ya tsaya. 'Yan shekarun nan kuwa zanen sai hawa yake.

Ran nan wata injiniya ta zo ta gaishe shi.

"Baba, zanenka na zo gani. Ana binciken hanyoyin da ambaliya za ta iya cinyewa, kada tattalin arzikin ƙasa ya karye."

Ya dube ta sama da ƙasa. Shi a saninsa, duk inda aka fara awo, rusau ke biyowa.

"Tattalin arziki a kwalbatina? Ikon Allah! Ga su nan, 'yata."

Ya nuna mata zanen ƙasa, ya jingina bayansa a kan na sama, ya ɓoye shi.

Rumfa dai ta tsira. Amma daidai awon zanen ƙasan nan aka gina sabon kwalbati, shi ya sa yanzu da zarar hadari ya haɗo, sai Baba ya hau kwashe kayansa.